Harajin murhu a masarautar Biretanyi: sharhi kan littafin Jean Kerhervé

1. Gabatarwa

Wannan maƙala sharhi ce kan wani ɓangare na littafin Jean Kerhervé mai suna L'État breton aux 14e et 15e siècles: les ducs, l'argent et les hommes, wanda aka buga a Paris a shekarar 1987 cikin juzu'i biyu. Marubucin masanin tarihi ne da ya koyar a jami'ar Brest. Littafin ya tattaro duk abin da ya shafi baitulmalin masarautar Biretanyi (Bretagne), watau ƙasar nan da ta kutsa cikin teku a yammacin Faransa, wadda bai kamata mai karatu ya rikita ta da Birtaniyar Ingilishi ba. Mu dai abu ɗaya za mu bi: yadda ake kasafta harajin da ake kira fouage, tun daga fada har zuwa ƙofar talaka.

Sai mun fara daidaita kalmomi. Mai sarautar duc za mu kira shi sarki. Kalmar feu, wadda daga gare ta fouage ya samo suna, ma'anarta wuta, kuma ana nufin wutar girki. Saboda haka muka ce murhu, harajin kuma harajin murhu. Paroisse za mu ce gunduma, tun da yanki ne da ke kewaye da coci ɗaya. Évêché kuwa lardi. Kuɗin zamanin livre, sou da denier ne: 12 na ƙarami ke ba da na tsakiya, 20 na tsakiya ke ba da babba. Wannan shi ne lissafin fam da sule da kwabo da dattawanmu suka sani, don haka da waɗannan sunaye za mu yi aiki.

2. Matakan kasafi

Bayan yaƙin gadon sarauta da aka gwabza daga 1341 zuwa 1364, Jean na 4 ya yi nasara a Auray, aka ƙulla yarjejeniyar Guérande a 1365. Ya tarar da ƙasa a ragargaje, ga bashi, ga kuɗin gandun sarki ba ya isa. Daga zamaninsa ne harajin murhu ya zama abin da ake yawan nema, har a ƙarni na 15 ya koma na kusan kowace shekara, ya kuma zama babbar hanyar shigar kuɗi.

Kamar yadda littafin ya nuna, kasafin yana da matakai. Da farko majalisar ƙasa, wadda ta ƙunshi manyan malaman coci da barade masu sarautar gado da wakilan birane, ita ke amincewa da abin da kowane murhu zai biya. Sannan a aika umurni zuwa larduna tara na ƙasar: Rennes, Nantes, Vannes, Dol, Saint-Malo, Saint-Brieuc, Tréguier, Léon da Cornouaille, inda akwai masu karɓar haraji na sarki. Kowace gunduma tana da adadin murhu da aka rubuta mata a ɗakin lissafi na sarki, wanda ke Vannes kafin a mai da shi Nantes a ƙarshen ƙarni na 15. Sai a ninka adadin murhun da abin da majalisa ta yanka, abin da ya fito shi ne nauyin gundumar. Daga nan sarki ya cire hannunsa. Mutanen gundumar su ke zaɓen masu kasafi daga cikinsu, su yanka wa kowane magidanci rabonsa, bisa ƙa'idar cewa mai ƙarfi ya tallafi maras ƙarfi. A coci ake shelar harajin ranar Lahadi, kuma gunduma gaba ɗayanta ake bi in kuɗi bai cika ba.

Akwai waɗanda aka ɗauke wa. Barade ba sa biya, da hujjar cewa suna fita yaƙi da dawakinsu da makamansu. Malaman coci ba sa biya. Haka nan mai noma-mu-raba da ke zaune a gidan gonar barde, da wasu ma'aikatan sarki irin masu buga kuɗi, da matalautan da ba su da komi. Manyan birane kuwa wani kuɗi dabam suke bayarwa a dunƙule.

3. Murhun takarda da murhun girki

Babbar fa'idar wannan ɓangare na littafin ita ce yadda ya raba murhun da ke cikin littafin lissafi da murhun da ake ɗora wa tukunya. A zamanin Jean na 5, wanda ya yi sarauta daga 1399 zuwa 1442, ƙorafi ya yawaita cewa adadin da ke rubuce bai dace da mutanen da ke ƙasa ba, sakamakon annoba da yaƙi da ƙaura. Sai aka yi babban gyara tsakanin 1426 da 1430. Aka aika masu bincike gunduma gunduma, suna rantsar da shaidu, suna rubuta sunayen masu biya da na barade da na sauran waɗanda aka ɗauke wa. Ƙa'idar da aka bi ita ce magidanta uku masu biya su ne murhu ɗaya.

Ga inda mai bincike zai iya zamewa. A lissafin 1392 ƙasar na da murhu kimanin dubu 98; bayan gyaran nan sai ga kimanin dubu 45. Wanda ya ajiye lambobin biyu kusa da juna zai ce fiye da rabin jama'a ya ƙare cikin shekara talatin da ƴan kai. To amma murhu dubu 45 na gyaran, in aka ninka da uku, magidanta dubu 135 ke nan. Idan aka ɗauki murhun 1392 a matsayin gida ɗaya, sai a ce jama'a ƙaruwa ta yi. Idan aka ɗauke shi gida uku, sai a ce ta zube. Lambobi guda, sakamako biyu masu karo da juna, kuma bambancin duka daga mudun awo yake. Tun 1976 M.-A. Arnould ya yi wannan gargaɗi a ɗan littafinsa kan takardun ƙidayar murhu na Turai, kuma aikin Kerhervé ya ba gargaɗin tsoka da misalin ƙasa guda. Ɗalibanmu masu aiki da rajistocin lanho na zamanin mulkin mallaka suna fuskantar irin wannan tarko: takardar da aka rubuta don karɓar kuɗi tana ƙidaya masu biya ne, kuma duk wanda ke cikinta yana da dalilin so a rage shi.

4. Inda nauyi ke komawa

Gyaran 1426 zuwa 1430 shi ya zama tushe har ƙarshen ƴancin masarautar, har ma bayansa. An yi wasu bincike daga baya, alal misali a shekarun 1440, da 1513, da 1536, amma hankalinsu ya fi karkata ga tantance wane ne barde na gaskiya da wace ƙasa ce aka ɗauke wa haraji. Abin da ya rage wa gundumar da masifa ta afka wa shi ne ta kai kuka fada, a rage mata murhu kaɗan, wani lokaci na ƴan shekaru kawai.

Bari mu ƙaddara misali don mai karatu ya ga yadda lissafin ke aiki. Gunduma ce mai magidanta 90 masu biya, watau murhu 30. Majalisa ta yanka sule 20 kan kowane murhu. Nauyin gundumar sule 600 ne, fam 30 ke nan, kuma in da za a raba daidai kowa zai ba da sule 6 da kwabo 8. Annoba ta zo ta bar magidanta 60. A littafin Vannes har yanzu murhu 30 ne, saboda haka rabon kowa ya koma sule 10, alhali majalisa ba ta ƙara ko kwabo ba. Gundumar da jama'arta ta ƙaru kuwa, nauyinta raguwa yake a kowane kai, kuma ba ta da dalilin zuwa fada ta ce a ƙara mata. Ƙofar gyara ta raguwa ce kaɗai, shi ya sa jimillar murhun ƙasar ta yi ta sauka a tsawon ƙarnin, sarki kuma ya yi ta ɗaga abin da kowane murhu ke biya.

Ga misali na biyu. A wasiƙun Jean na 5, waɗanda René Blanchard ya tattara ya buga a ƙarshen ƙarni na 19, ana yawan ganin sarki ya ɗaga wani talaka zuwa matsayin barde ko ya ƴantar da gidansa daga haraji, sannan ya rage wa gundumar murhu ɗaya ko wani yanki na murhu. A ido adalci ne. Amma wanda ke samun irin wannan wasiƙa galibi mai hali ne. A ƙaddara a gundumar can tamu yana biyan sule 30, aka kuma rage sulusin murhu a madadinsa, watau sule 6 da kwabo 8. Saura sule 23 da kwabo 4 sun koma kan maƙwabtansa. Wannan shi ne kashin dankali, babba a kan ƙarami, kuma ba a ganinsa a lissafin ma'aji domin jimillar da ta shiga baitulmali daidai take.

5. Abin da muke tuhumar littafin da shi

Tuhuma ta farko ta shafi inda marubucin ya tsaya yana kallo. Kayan aikinsa takardun fada ne da na ɗakin lissafi, waɗanda ke ajiye a ma'adanar takardun jihar Loire-Atlantique a Nantes. Da yawa daga littattafan manyan ma'aji sun salwanta, kuma haƙurin da ya yi wajen harhaɗa guntaye abin yabo ne ƙwarai. Sai dai waɗannan takardu suna bin kuɗi ne daga gunduma zuwa sama. Sunan littafin ya ambaci mutane, amma mutanen da aka fi sani a cikinsa ma'aikatan kuɗi ne: asalinsu, aurensu, dukiyarsu, irin su Pierre Landais, ɗan kasuwar Vitré da ya riƙe baitulmali daga 1460 har aka rataye shi a Nantes a 1485. Masu kasafi na ƙauye ba su sami irin wannan haske ba, alhali a hannunsu ne ake yanke ko mai ƙarfi ya tallafi maras ƙarfi ko ya hau kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma muryar mai ɗakin ta yi ƙasa a wannan aiki.

Tuhuma ta biyu ta shafi babban ra'ayin littafin, cewa sarakunan gidan Montfort sun gina hukuma mai tsari, da majalisa da ɗakin lissafi da ma'aikata masu ilimi, wadda ta isa a jera ta da sauran hukumomin Turai na zamanin. Hujjojin wannan suna da ƙarfi, kuma sun haɗu da abin da Michael Jones ya nuna tun 1970 kan zamanin Jean na 4. Amma tarihin kasafi yana rage wa ra'ayin kaifi. A shekarar 1427, daidai lokacin da masu binciken Jean na 5 ke zagaya ƙauyuka, birnin Florence na Italiya ya yi nasa rajista da ake kira catasto, inda aka rubuta gidaje kimanin dubu 60 da mutane kimanin dubu 260, kowane gida da gonakinsa da dabbobinsa da bashinsa da shekarun mutanensa, kamar yadda David Herlihy da Christiane Klapisch-Zuber suka nazarta a 1978. Binciken Biretanyi ya tsaya ga tambaya ɗaya: wannan mutum yana cikin masu biya ko a'a? Bai auna dukiya ba. Hukumar da ta iya ƙidaya magidantanta sau ɗaya, ta kuma zauna kan wannan ƙidaya shekara da shekaru, ta nuna iyawa, ta kuma nuna iyakar iyawar. A ganinmu dalilin na siyasa ne: sabon bincike na gaskiya zai taɓa barade da masu takardar ƴanci, su kuwa su ne ginshiƙin sarki a majalisa da fagen yaƙi.

Tuhuma ta uku ƙarama ce. Girman littafin da yawan kalmomin baitulmali na da can sun sa ya yi wa ɗalibi nauyi, musamman wanda Faransanci ba harshen uwa ba ne gare shi. Bayani kan kasafi a haɗe yake da sauran hanyoyin kuɗi, irin su harajin giya da kuɗin fito na tashoshin jirgin ruwa, don haka sai mai karatu ya yi tsintuwa.

6. Kammalawa

A zamanin François na 2, daga 1458 zuwa 1488, kuɗin murhu ya hau ƙwarai saboda shirin yaƙi da sarkin Faransa. Aka ci sojan Biretanyi a Saint-Aubin-du-Cormier a 1488, ƴarsa Anne ta auri Charles na 8 a 1491, aka haɗe masarautar da Faransa a 1532. Harajin murhu bai tafi da sarakunan ba; ya ci gaba bisa tsohon tsarinsa har juyin juya halin 1789.

Hukuncinmu shi ne littafin Kerhervé ya zama tilas ga duk mai nazarin harajin Turai na ƙarshen zamanin tsakiya, musamman kan matakai biyu na sama, daga majalisa zuwa lardi da daga lardi zuwa gunduma. Kan mataki na uku, daga gunduma zuwa magidanci, ya buɗe ƙofa ne kawai. Wanda zai shiga sai ya haɗa jerin sunayen gyaran 1426, waɗanda Hervé Torchet ya buga na wasu larduna, da wasiƙun ƴantarwa da takardun shari'a tsakanin gundumomi da masu da'awar sarauta, ya bi gunduma ɗaya shekara bayan shekara, ya ga wa ya fita daga jerin masu biya da kan wa rabonsa ya koma.