Masu Gane Jini Kafin Ya Ƙare

A gari irin Bena, can gefen masarautar Zuru kusa da iyakar Zamfara, wanda jini ya ɓalle wa ba shi da lokacin jiran motar Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ko mai jego ce, ko ɗan acaɓa, ko wanda harsashin 'yan bindiga ya samu, bayan ikon Allah ransa na hannun ma'aikacin da ya fara duba shi da kuma mai gwajin jini.

Babban mutum na ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma jiki gwanin ɓoye asara ne. Da jini ya fara raguwa, zuciya takan ƙara sauri, jijiyoyin fata da na hanji su tsuke domin abin da ya saura ya isa ƙwaƙwalwa da zuciya, ƙoda kuma ta riƙe fitsari. Shi ya sa na'urar awon hawan jini kan nuna lafiya lau alhali mutum ya yi nisa. Sau da yawa sai wajen kashi 30 cikin 100 ya zube sannan awon ya faɗi. Gogaggiyar ungozomar asibiti ba ta jiran wannan. Za ta kama tafin hannu ta ji sanyi da gumi, ta ja fatar ido ta ga ta yi fari fat, ta ƙirga bugun jijiya, ta lura mai jego sai neman ruwa take tana magana ba kan gado. Wuri ɗaya ido ke yaudararta, wato kimanta jinin da zane ya shanye. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa ledar awo ƙarƙashin mai haihuwa, tare da haɗa matakan magani lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60.

Ni dai mai gwajin jini ya fi burge ni, domin shi ake wa tsawa. Dangi sun cika ƙofa: "Malam, a ɗebi nawa mana, uwa ɗaya uba ɗaya muke!" Shi kuwa ya san haihuwa ɗaya ba ta sa jini ya zama ɗaya. Zai ɗiga jinin a kan farin faranti, ya haɗa da ruwan gwaji shuɗi, da rawaya, da marar launi. Inda ya tsinke ya yi gudaji kamar madarar da ta lalace, nan amsar take: A, B, AB ko O, sannan fositif ko negetif. Tushen wannan ilmi aikin Karl Landsteiner ne a birnin Biyana, a 1901. Mai gwajin bai gama ba. Sai ya bincika cutar ƙanjamau da ciwon hanta, ya gauraya ruwan jinin majiyyaci da ƙwayoyin jinin mai bayarwa, ya ɗumama su daidai zafin jiki, ya leƙa madubin likita. Jinin miji ma ba a so a sa wa matarsa in da wani, don jikinta kan iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba.

In an yi kuskure, garkuwar jiki farfasa baƙin ƙwayoyin take yi: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon baya, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya. Saboda haka nas ke sakin ledar jinin a hankali cikin minti 15 na farko, tana tsaye a kan majiyyaci, da ya fara makyarkyata ta rufe layin.