Sharaku, Mai Zanen da Ba Ya Rufa wa Fuska Asiri

A birnin Edo na ƙasar Japan, wanda yanzu a ke kira Tokiyo, mutanen dā sun ƙwallafa rai ga wani wasan kwaikwayo da a ke ce da shi Kabuki. Wanda ya je kallo ya kan so ya ajiye hoton gwaninsa a gida. To, a zamanin nan babu na'urar ɗaukar hoto, sai dai a buga da katako. Mai zane ya zana a takarda, masassaƙi ya manna ta bisa allo ya sassaƙe, ya bar layukan zanen kaɗai. Kowane launi kuwa da allonsa. Sa'an nan mai bugu ya shafa launi, ya aza takarda, ya murza da hannu. Da haka zane guda ya kan haifi ɗaruruwa, har talaka ya iya saye.

Cikin shekarar 1794 wani mai sayar da littattafai, Tsutaya, ya fid da hotuna 28 na wani mai zane da ba a taɓa jin sunansa ba, watau Sharaku. Kowane hoto an cika shi da fuska da ƙirji, bayansa an shafe da garin wani dutse mai duhu da ƙyalli.

Mafi shahara a cikinsu shi ne na Otani Oniji na Uku, ya fito a matsayin wani mugun bara, Edobe, wanda ya ke shirin ƙwace kuɗi daga hannun wani baran. Ga shi ya turo kai gaba, ya tsuke baki, girare sun tashi, idanu sun kafe. Hannuwansa sun ɓullo daga ƙirjin riga, yatsu a ware, amma ƙanana ne ƙwarai in an gwada su da kan. Mai neman kuskure zai ce ba a auna daidai ba. Lalle ba a auna ba, amma ƙanƙantar hannuwan nan ita ta sa fuskar ta cika takarda, kai ka ce za ta faɗo wa mai kallo. Da an gyara su, da mugun ya koma mutum mai miƙo gaisuwa.

Inda Sharaku ya fi tsananta shi ne wajen masu fitowa a matsayin mata. Tun 1629 hukuma ta hana mata shiga wasan nan, saboda haka maza ke ɗaura kayansu. Sauran masu zane, irin su Toyokuni, su kan sassauta, su ƙawata ɗan wasa yadda masoyansa su ke so. Shi ko Sharaku sai ya zana gashin, da tsinken ado, da ƙyallen shunayya na goshi, duka daidai, sa'an nan ya bar dogon hanci da ƙaton haɓa na namiji a ƙarƙashinsu. Mai dubawa ya ga abu biyu gaba ɗaya: macen da a ke kwaikwayo, da ƙaton da ke wahalar kwaikwayonta. Nan gwanintarsa ta ke, nan kuma ya ɓata da masu saye, gama wanda ya ba da kuɗinsa domin ya sami gwaninsa ba ya son a nuna masa aibinsa. Wani marubucin zamanin ya rubuta cewa tsananin bin gaskiya ne ya hana shi daɗewa.

Ko da ya ke haka ne, ba masu saye kaɗai ke da laifi ba. Hotunansa na baya-baya sun ƙanƙance, an daina shafa ƙyallin nan, ya koma zana mutum tun daga kai har ƙafa, fuskar da ya fi iyawa ta zama 'yar mitsitsiya. Yawancinsu ba su kai na farko ba ko kusa.

A farkon 1795, bayan kamar wata goma da hotuna wajen 140, sai aka daina ganin aikinsa. Masana da yawa suna ganin shi ne Saito Jurobe, ɗan wasan wani tsohon salo da a ke kira No, mai yi wa sarkin Awa barantaka. Sunansa bai sake ɗaukaka ba sai da wani Bajamushe, Julius Kurth, ya rubuta littafi a kansa cikin 1910.