Gabas Daban, Alƙibla Daban

'Yan'uwa, har yanzu wasu kwamitocin masallatai na haƙa tushe suna duban mafitar rana, wai ai gabas ce alƙibla. Sakaci ne wannan. Duniya dunƙulalliya ce, kuma da lissafin alwatika a kan ƙwallo ake fitar da alƙibla, kamar yadda Albiruni ya fitar wa garin Gazna tun 1025. Da wannan lissafi, alƙiblar Yamai ta karkata arewa daga gabas da kusan daraja 18.

Na'am, fuskantar jiha ta wadatar wa na nesa, sallarku ta yi. Amma mai sabon gini ba shi da uzuri: ranar 28 ga Mayu, ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijar, rana na saman Ka'aba. Ku fuskance ta, ku ja layi. Wallahu a'alamu.