Manuwa Mai Suna Najeriya da Fim Ɗin da Muka Kasa Yi

Mai karatu, ko ka san an taɓa yin manuwa, wato jirgin ruwan yaƙi, mai suna Najeriya? Ingila ce ta ƙera HMS Nigeria, ya soma aiki a 1940. Ya yi rakiyar jiragen kaya zuwa Rasha cikin sanyi mai daskarar da ruwa. A watan Agusta 1942, yana kan hanyar kai ɗauki tsibirin Malta, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya narka masa bam. Sai da aka kai shi Amurka gyara, sannan ya nufi tekun Indiya a 1944. Daga baya Indiyawa suka saye shi, ya koma INS Mysore a 1957, bai ajiye aiki ba sai 1985.

Duk wannan a rubuce yake dalla-dalla. Ƙarfe ke nan fa! To ina labarin samarin ƙasar Daura da aka ɗiba soja zamanin Sarki Abdurrahman, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Burma? Ka ƙiyasta yaron da ya tashi a Baure ko Zango, bai san ruwan da ya wuce kududdufi ba, ga shi mako da mako tsakiyar teku, ba tudu ba bishiya, yana ta amai yana laluben alƙibla. Wallahi wannan kaɗai ya isa fim.

Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya taɓo abin a littafinsa Burma Boy na 2007. Inda ya burge ni shi ne hirar sojoji da barkwancinsu a bakin mutuwa, da yarintar Ali Banana, ɗan koyon ƙira da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi. Inda ya gaza kuwa, ya buɗe littafin da Bature Wingate a Alƙahira, ya bar mu muna jiran namu. Ga shi kuma da Turanci, jikokin 'yan Burma da yawa ba za su karanta ba.

Furodusoshinmu za su ce ba kuɗin jirgi. Wa ya ce a nuno jirgi? Zaure ɗaya a Daura, tsoho da lambar yabonsa cikin tsumma, da matar da ta gaji da jira aka ɗaura mata aure da wani kafin ya dawo. Kuɗin da ake kashewa a rawa da waƙa guda biyu ya biya wannan har da canji.