Gawar da Ba a Nuna Ba: Nazarin Wasan "The Laramie Project"

A wannan takarda za mu duba yadda wasan kwaikwayo yake tunkarar kisan gilla ba tare da ya nuna shi a kan dandamali ba. A watan Oktoba na 1998 wasu samari biyu suka ɗauki Matthew Shepard, ɗalibin Jami'ar Wyoming mai shekara 21, suka kai shi bayan garin Laramie a Amurka, suka yi masa jina-jina, suka ɗaure shi a jikin shinge. Ya rasu a asibiti ranar 12 ga watan. Shepard mai neman maza 'yan'uwansa ne, kuma lauyoyin ɗaya daga cikin makasan sun nemi su kafa hujja da wannan, alƙali ya hana.

Moisés Kaufman da ƙungiyarsa ta Tectonic sun yi ta zuwa Laramie, suka yi hira fiye da 200 da mutanen garin. Daga maganganun nan suka gina wasan, aka fara nuna shi a Denver a 2000. 'Yan wasa takwas ne suka fito a matsayin mutane fiye da 60.

Abin lura a zubin wasan shi ne, Shepard bai fito ko sau ɗaya ba, ba a kuma nuna dukan ba. Muryoyi kawai muke ji: mai keken da ya tsince shi, da 'yar sandar da ta kwance shi, da malaman coci, da mahaifinsa a gaban kotu. Ke nan tauraron wasan shi ne garin kansa. Da an zubar da jini a dandamali, da mai kallo ya la'anci mutum biyu ya tafi gida da zuciya wasai. Amma da aka bar shi da kalaman maƙwabta masu cewa ba ruwansu, tilas ya tambayi kansa irin maganar da ke share wa makashi hanya.

Sai dai akwai rauni. Baƙi daga New York su ne suka zaɓi abin da za a ji daga hirarrakin, saboda haka ba gaskiya tsagwaronta muke kallo ba, tacewar marubuta ce. Su ma sun san aikin bai ƙare ba. A ci gaban wasan da suka fitar a 2009, sun tarar wasu mazauna garin sun koma cewa fashi ne kawai da shaye-shaye.

A ra'ayinmu, darajar wasan ita ce ya hana al'umma wanke hannunta da sauri. Duk matsayin da mutum ya ɗauka game da rayuwar Shepard, rai ne aka kashe, kuma wannan ne wasan ya ƙi bari a manta.