2.3 Tsokaci Kan Ma'anar Tarayya ta Wheare: Misalin Audugar Malumfashi

Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan ma'anar mulkin tarayya, amma wadda aka fi dogaro da ita ita ce ta K. C. Wheare (1946). A ra'ayinsa, tarayya tsari ne da ake raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da gwamnatocin yankuna, ta yadda kowace za ta ci gashin kanta a fagen da aka keɓe mata. A wannan sashe za a auna wannan ma'ana da tarihin noman auduga a ƙasar Malumfashi da Funtuwa, domin a ga iyakar inda ta tsaya.

Ba za a musa cewa ma'anar tana da amfani ba. Wheare ya bambanta abin da tsarin mulki ya rubuta da abin da ake yi a aikace, ya kuma nuna cewa gwamnatin da ba ta da kuɗin kanta 'yancinta na baka ne. Rauninta shi ne ta ɗauka kowace gwamnati tana da fage nata daban, alhali gonar auduga guda ɗaya tana iya kasancewa a ƙarƙashin ikon gwamnatoci biyu a lokaci guda.

Daga shekarar 1954, hukumar ciniki ta Jihar Arewa ce ke yanke farashin auduga da gyaɗa, rarar kuɗin kuma ta zauna a Arewa. A 1973 gwamnatin soja ta tarayya ta karɓe ikon yanke farashi, sannan a 1977 ta kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya. Bayan shekara ɗaya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Ke nan gonar manomin Malumfashi tana hannun Kaduna, domin a lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai a 1987, amma kuɗin da za a biya shi a kan sikeli daga Legas ake yanke shi. Da tarayya ta rushe hukumomin ciniki a 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, babu wata jiha mai noman auduga da ke da ikon hana hakan, duk da cewa manomanta ne aka bari da 'yan kasuwa.

Haka kuma, Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara fito da wannan gurbi. Shirin ya haɗa da gundumomin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo taki da iri da hanyoyin karkara. A jiha aka yi aikin, amma ta hannun tarayya rancen ya biyo. Tsarin mulkin 1979, haka ma na 1999, ya sa bunƙasa aikin gona cikin abubuwan da gwamnatocin biyu suka yi tarayya a kansu, amma ya keɓe wa majalisar tarayya ikon yin doka kan cin bashi. Gwamnatin Alhaji Balarabe Musa, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1981, ta ƙi amincewa da sharuɗɗan Bankin Duniya na faɗaɗa shirin a dukkan Jihar Kaduna. Wannan ya nuna jiha tana da ikon cewa a'a. Sai dai ba ta da ikon ciwo wani bashin daga waje ita kaɗai domin ta maye gurbinsa.

Idan aka yi la'akari da waɗannan misalai, za a ga ma'anar Wheare ta dace da nazarin takardar tsarin mulki, amma ba ta wadatar wajen bayyana rayuwar manomi ba. Jiha ce ke riƙe da ƙasa da malaman gona, ita ce kuma talaka ke kai wa kuka, alhali bashi da ƙa'idar shigo da kaya daga waje suna hannun tarayya, kamar yadda farashi ya kasance daga 1973 zuwa 1986. Saboda haka, a babi na uku za a auna ikon kowace gwamnati da tambayoyi biyu: wa ke yanke farashi, wa kuma ke riƙe da lalitar kuɗi.