Tsanin da Aka Bari a Jikin Wake: Sharhi a kan SAMPEA 20-T

Tun da aka fito da waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, a 2019, muhawara ta tsaya ne a kan ƙwayar gado cry1Ab, mai kashe tsutsar Maruka. Amma akwai ta biyu, wato nptII. Ita wannan ƙwayar shaida ce: tana ba tsiro juriyar maganin kanamaisin, da haka masana ke tsince tsiron da ya karɓi dashe. Daga ɗakin gwaji aikinta ya ƙare.

Gaskiya ne hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2009 cewa da wuya nptII ta cutar. Amma tun 1991 Dale da Ow suka nuna, a tsiron taba, ana iya cire irin wannan shaida ta hanyar Cre/lox. Magini a birnin Kano ba ya barin tsani jingine bayan ya gama soro. Mai awo a Kasuwar Kurmi da mai suyar ƙosai, amincewarsu ake nema. Saboda haka ya kamata iri na gaba ya fito ba tare da ita ba.